Gwaji na nuna 18, fayil na tafiyar hawainiya: muhawara kan saitin intanet a kwamfuta

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da kafe a nan Kano, kwamfutoci huɗu da firinta, duk a kan rawuta guda mai ɗaukar layin waya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kwamfutar da nake zama a kanta in na shiga Speedtest, shafin gwada gudun intanet, sai ta nuna mini 18, wani lokacin har 20. Amma in na zo sauke fayil, musamman daga shafukan ƙasashen waje, ba ya wuce KB 300 a daƙiƙa. Kwastoma na tsaye a kaina, ni kuma ina ta ba shi haƙuri. Yaron shagona ya ce akwai saitin da ake taɓawa a cikin Windows gudu ya buɗe. Masana a taimaka.

Sadiq Gyara: Wa alaikumus salam Baba, ka zo inda ya dace. DNS za ka canja kawai. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna dama a kan Wi-Fi ɗinka, Properties, sai Internet Protocol Version 4. A wurin DNS, a layin sama sa 1.1.1.1, a na ƙasa 8.8.8.8. Bayan nan ka shiga gpedit.msc ka nemo "Limit reservable bandwidth" ka mayar da shi sifili, domin Windows na ɓoye kashi 20 cikin 100 na gudunka. Wallahi sai ka ɗauka sabon layi aka ja maka.

Anti Rabi: Kafin a kai ga taɓa komai, Alhaji, a daidaita ma'auni tukun. Wannan 18 ɗin megabit ne, shi kuma abin da burauza ke nunawa lokacin saukewa bait ne, kuma bit takwas ke yin bait ɗaya. Raba 18 gida takwas, ka samu MB 2.25 a daƙiƙa. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, suna jiran ganin MB 18. Amma kai naka ba ruɗewa ba ce, domin daga MB 2 zuwa KB 300 akwai tazara kusan ninki bakwai. Akwai abin da ke riƙe da kai.

Baban Walida: Allah ya saka da alheri Hajiya. To in fara da na Sadiq?

Injiniya Bala: Alhaji dakata tukuna. Sadiq ƙanina, DNS ba ya cikin wannan maganar ko kaɗan. Aikin DNS irin na ɗan kamasho ne a tasha: ka ce Gusau za ka, ya nuna maka motar Gusau, aikinsa ya ƙare. Gudun motar a hanya ba shi a hannunsa. Kwamfuta na tambayarsa adireshin shafi sau ɗaya, ta adana amsar na ɗan lokaci, daga nan fayil ɗin ya taho kai tsaye daga sabar shafin, wato babbar kwamfutar da shafin ke ajiye a kanta. Ko da 1.1.1.1 ko babu, KB 300 ɗin nan na nan daram.

Sadiq Gyara: Oga Injiniya, da girmanka, gani ya kori ji. Kullum a kasuwa muke yi wa mutane, su dawo suna godiya.

Injiniya Bala: Ban ce ƙarya kake ba. Abin da suke gani buɗewar shafi ne, ba gudun saukewa ba. Shafin jarida guda na iya kiran sunaye masu yawa kafin ya gama buɗewa, na hotuna daban, na talla daban, na bidiyo daban. In DNS na kamfanin layinka na jan ƙafa wajen amsa, kowace tambaya na ƙara ɗan jinkiri, sai shafi ya tsaya fari fat na ɗan lokaci kafin ya fito. A nan canji na amfani. Google ya fito da 8.8.8.8 a ƙarshen 2009, Cloudflare ya fito da 1.1.1.1 a Afrilun 2018, kuma Cloudflare na da sabobi a Legas, shi ya sa yake amsawa da wuri a ƙasar nan.

Amma akwai gefen da ba ku faɗa wa kwastoma. Manyan kamfanoni irin su Google da Netflix da Facebook kan ajiye sabobinsu a cikin netwok na kamfanonin waya, don kada bidiyon da kowa ke kallo ya riƙa tahowa daga Turai kowane lokaci. Wasu shafukan da DNS suke gane inda kake su tura ka sabar da ta fi kusa. In ka sa na waje, ana iya tura ka wadda ta fi nisa. Sai shafi ya buɗe da wuri, saukewa kuma ta ragu. Don haka ba kowa ke cin riba ba, sai an gwada.

Sadiq Gyara: To kashi 20 ɗin fa? Shi ma za ka ce babu?

Injiniya Bala: Shi kam babu shi sam. Tun zamanin Windows XP ake yawo da maganar nan. Microsoft da kansu sun fito sun yi bayani cewa gudun gaba ɗaya a buɗe yake ga duk manhajojin da ke kan kwamfutar, sai in wata manhaja ta nemi a keɓe mata wani kaso, kuma ko ta nema, abin da ba ta yi amfani da shi ba na komawa ga saura. Ga shi ma Windows na Home, wanda ke kan wasu kwamfutocin gwanjo da muke saye, ba ya zuwa da gpedit. Rabin waɗanda kuke turawa can ba su samun ƙofar ma.

Guguwa: Ku daina wahalar da dattijo. Ina da manhaja guda, dannawa ɗaya intanet ya ninka sau biyar, ga kuma saitin shiga kyauta ba data. Mai so ya biyo ni ta bayan fage.

Shugaban Zaure: Malam Guguwa na goge mahaɗin da ka ɗora. Ba a tallar wannan a zauren nan, ka san doka. Ku ci gaba.

Anti Rabi: Ninki biyar. Da haka ne ai da kamfanonin waya sun daina kafa ƙarfen sabis sun koma sayen manhajarsa.

Injiniya Bala: Alhaji ga abin da nake so. Ɗauki fayil ɗin nan da ke maka nawa, ka sauke shi a ɗaya daga cikin sauran kwamfutocin uku, yanzu, ba anjima ba, a kan rawutar nan. Sannan a taka ka buɗe cmd, baƙin allon nan na rubuta umarni a Windows, ka rubuta ping, umarnin da ke auna lokacin zuwa da dawowar saƙo, da adireshin rawutar, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ne, yana rubuce a jikin takardar da ke manne a ƙasanta. Ka kuma yi ping na shafin da kake saukewa daga gare shi. Turo mini lambobin da ke gaban "time".

Baban Walida: To ga shi. A kwamfutar yaron fayil ɗin na sauka da MB 1.9. A tawa KB 310. Ping na rawuta 2, 3, 2, 2. Na shafin kuma 196, 204, 199, 210.

Injiniya Bala: Madalla. Ka ga yanzu mun wanke kamfanin layi, mun wanke rawuta, mun wanke Wi-Fi. Ciwon na cikin kwamfutarka. Kuma lambobin nan biyu, 200 da 310, sun riga sun gaya mini wani abu. Buɗe cmd ta hanyar "Run as administrator" ka rubuta wannan:

netsh interface tcp show global

Ka duba layin da ya ce Receive Window Auto-Tuning Level. Me aka rubuta a gabansa?

Baban Walida: An rubuta disabled.

Injiniya Bala: Shi ke nan, ɓarawo ya shiga hannu. Rubuta wannan ka sake gwada fayil ɗin:

netsh interface tcp set global autotuninglevel=normal

Bari in yi bayani don masu bin mu. Idan saba na aiko maka da fayil, ba ta zubo shi gaba ɗaya. Kwamfutarka ce ke gaya mata iya adadin da za ta aiko kafin ta tsaya jiran amsar cewa ya iso. A tsarin TCP na asali, wato ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen aika wa juna data, wannan adadin ba ya wuce bait 65,535, wato KB 64. A 1992 aka fito da hanyar faɗaɗa shi, kuma tun daga Windows Vista kwamfuta ke faɗaɗa shi da kanta gwargwadon yadda ta ga hanya. In an kashe wannan, ka koma KB 64.

Yanzu yi lissafi. Zuwa da dawowa tsakaninka da sabar na cin milisakan (ms) 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Kenan sau biyar kawai a daƙiƙa za a aiko maka da KB 64. Biyar sau 64, KB 320. Ga shi kai kana ganin 310. Ko layin gigabit aka ja maka har cikin shago, fayil ɗin nan ba zai wuce haka ba.

Ɗalibin Samaru: Oga to me ya sa Speedtest bai kama matsalar ba?

Injiniya Bala: Dalili biyu. Yana zaɓar sabar da ta fi kusa da kai, jinkirin kaɗan ne, don haka KB 64 ɗin na juyawa sau da yawa a daƙiƙa. Kuma yana buɗe hanyoyi da yawa lokaci guda ya haɗa jimla. Akwai wurin da za ka mayar da shi daga Multi zuwa Single, ka kuma zaɓi saba a Landan ko Amsterdam. Da Alhaji ya yi haka da tuni ya ga 2 da ɗoriya maimakon 18.

Baban Walida: Allahu Akbar. MB 2.1 yanzu. Injiniya Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a.

Injiniya Bala: Amin Alhaji, na gode.

Sadiq Gyara: To jama'a ku zama shaida. Ashe dai saiti ne! Tun farko na ce a cikin Windows abin yake, aka ce ban sani ba.

Anti Rabi: Sadiq kai ma dai. Saitin da wani mai irin hannunka ya kashe ne aka kunna. Windows da kanta a normal take zuwa.

Baban Walida: Gaskiya a hannu na saye ta, kuma na tarar da wata manhajar ƙara gudu a kanta mai hoton roka.

Injiniya Bala: Cire ta yau. Irinsu ne ke wannan aikin, suna bin tsofaffin shawarwari suna shafa wa kowace kwamfuta.

Sadiq Gyara: A yi adalci dai. Shawarar ba daga sama ta faɗo ba. Lokacin da Vista ta fito a 2007 akwai tsofaffin rawutoci da ba su gane wannan faɗaɗawar, shafi ya maƙale gaba ɗaya, kuma kashe ta ne maganin. Ogan da ya koya mini aiki haka yake yi, kuma yana aiki.

Injiniya Bala: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Ogan naka ya yi daidai a zamaninsa da kayan zamaninsa. Matsalar ita ce bidiyon da ke koyar da hakan har yau suna yawo, ba mai faɗa wa mai kallo cewa rawutar da aka yi dominta ta daɗe da shiga bola.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni tawa matsala daban ta. Da safe rezo lahiya lau, amma da an yi sallar isha'i sai komi ya tsaya, waya da kwamfuta duka. Na duba abin da Injiniya ya hwaɗi, nawa normal ne. Mi za ni taɓa?

Baban Walida: Wannan nima ina fama da shi, daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na dare duk kwamfutocin huɗu.

Injiniya Bala: Wannan babu shi a cikin kwamfuta. Ƙarfen sabis ɗin unguwarku na da iya abin da zai iya ɗauka, kuma raba shi ake tsakanin duk wanda ke kansa a lokacin. Bayan isha'i kowa ya kwanta ya buɗe TikTok da YouTube. Alamarsa ita ce wadda kuka faɗa: yana bin agogo, kuma yana kama duk na'urorin gida tare.

Abin da ke hannunku shi ne ingancin siginar da rawutar ke samu, domin mai sigina mai tsabta na kwasar data fiye da mai rauni a daidai lokacin da ƙarfen ya ba kowannensu. Ku shiga shafin rawutar ta burauza da adireshin nan da muka yi wa ping, ku nemo inda take nuna bayanan na'ura. Ku manta da sandunan nan huɗu ko biyar. Lambobi biyu za ku duba. RSRP shi ne ƙarfin sigina: -80 ya yi kyau, -100 an fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. SINR shi ne tsabtarta: 20 zuwa sama garau, ƙasa da 5 hayaniya ta yi yawa. Na biyun ya fi muhimmanci ga gudu. Ka ɗauki rawutar ka zaga da ita ɗaki ɗaki, taga taga, kana sabunta shafin kana kallon lambar.

Ɗan Maraɗi: Nawa -107 da 3. Tana bisa tebur cikin ɗaki, ginin laka ne mai kabri, da rufin kwano.

Injiniya Bala: To ka ga aiki. Katangar ƙasa mai kauri da kwano a sama, me ya rage wa sigina? Kai ta taga, ta ɓangaren da ƙarfen yake.

Ɗan Maraɗi: Na kai ta tagar gabas. -96 da 11. Gudun ya tashi daga 2 zuwa 6, kuma yanzu dare ne.

Anti Rabi: Amma Malam ka lura da rana. Tagar gabas da hantsi, a watan Afrilu, a Maraɗi. Ƙaramar MiFi mai batir in ta yi zafi da kanta take rage gudu don ta kare kanta, batirin kuma ya kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa. Tawa sai da na ga murfin ya ɗaga kamar an cusa wani abu a ciki. Ka yi mata inuwa, ko ka matsar da ita gefen tagar inda rana ba ta duka.

Sadiq Gyara: Ga wanda Injiniya ba zai iya musawa ba: kulle band, wato zangon mitar da rawuta ke magana da ƙarfen sabis a kai. Wasu rawutocin na barinka ka zaɓa. Band 20 mai 800 da band 28 mai 700 suna tafiya nesa suna ratsa gini, shi ya sa na'ura ke son maƙalewa a kansu, kuma kowa na can. In kana kusa da ƙarfe ka kulle ta a band 3 mai 1800 ko band 7 mai 2600, sandunan za su ragu amma gudu ya ƙaru.

Injiniya Bala: Yau ka faɗi wadda zan sa wa hannu. Sharaɗi ɗaya: rawutoci masu kyau na haɗa band biyu ko uku lokaci guda su ba ka jimlarsu. In ka kulle irin wannan a guda ɗaya, kai ka rage wa kanka. Kuma ranar da band ɗin da ka kulle ya samu matsala a ƙarfen, za ka zauna babu sabis maƙwabcinka na kallon ƙwallo. Ka rubuta yadda ka tarar da saitin kafin ka canja, ka gwada da safe ka gwada da dare.

Anti Rabi: Ni abin da ba a taɓo ba shi ne masu cin gudun a ɓoye. Alhaji kwamfuta huɗu gare ka. Kowacce na iya sauke sabuntawar Windows a bayan fage, ga manhajojin da ke kwashe hotuna suna ɗorawa a ma'ajiyar intanet. Shiga Settings, Network & Internet, Data usage, za ka ga jerin manhajoji da abin da kowacce ta ci a kwana 30 da suka wuce. Ni dai duk kwamfutar da ta hau layina "Metered connection" nake kunna mata, ta san data da kuɗi ake saye. Balle tun da aka amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 a farkon 2025.

Injiniya Bala: Hajiya a nan zan ɗan saɓa miki. A kwamfutarki ta gida babu laifi. Amma kafe, inda kowa ke zuwa ya soka filashinsa, ya buɗe imel ɗinsa, ya shigar da lambar BVN? In aka kunna wannan aka manta, yawancin sabuntawa na tsayawa, watanni su wuce. Gara ya ware lokaci, ranar da ba kwastoma ko da data ta dare, ya sabunta su. Kuma akwai Delivery Optimization a ƙarƙashin Windows Update. Mutane na kashe shi gaba ɗaya saboda yana iya ɗora guntayen sabuntawa ga wasu kwamfutocin a intanet. Shi Alhaji kada ya kashe, ya zaɓi na cikin netwok ɗin gida kawai. Ɗaya ta sauke, sauran su karɓi mafi yawa daga wurinta ta rawuta.

Anti Rabi: "Ya ware lokaci." Injiniya ka taɓa ganin mai kafe ya ware lokaci? Ranar da aka buɗe rajistar masu hidimar ƙasa layi har waje, sai kwamfuta ta zaɓi ranar ta fara saukar da gigabait uku. Ni dai na fi yarda da abin da zan kunna da hannuna.

Injiniya Bala: In zai tuna ya kunna. Nan ne ban yarda ba.

Baban Walida: Ku biyun duk kun san ni ke nan. Zan sa yaron ya riƙa yi duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin ba kowa.

Ɗalibin Samaru: Tambaya. Ni in ina darasi ta Zoom, da zarar abokin ɗakina ya fara tura bidiyo a WhatsApp sai murya ta riƙa yankewa, alhali gwaji na nuna 25.

Injiniya Bala: Wannan ba ƙarancin gudu ba ne, layi ne. Hanyar ɗorawa ta fi ta saukewa ƙunci. In bidiyonsa ya cika ta, na'urar na tara ƙunshin data a ma'ajiyarta su bi layi, muryarka kuma ta tsaya a bayansu. Gwada da kanka: rubuta ping 8.8.8.8 -t ka bar shi yana tafiya, ka ce ya fara turawa. Za ka ga 60 ta koma 600 ko fiye. Masu fasaha na kiran abin bufferbloat. Rawutocin da ke da SQM, saitin tsara layin data, irin waɗanda aka sa wa manhajar rawuta ta OpenWrt, na magance shi ta hanyar riƙe gudun ɗan ƙasa da iyakarsa su tsara layin da kansu. Sai dai a layin waya iyakar na canjawa daga sa'a zuwa sa'a, saitin ba ya zama daidai. A ɗakin ɗalibai maganin da ya fi sauƙi shi ne ya jira ka gama.

Ɗalibin Samaru: Ba ka san shi ba ne Oga.

Sadiq Gyara: Saura MTU. Ka rage shi zuwa 1400, intanet ya yi santsi. Wannan ma tatsuniya ce?

Injiniya Bala: Rabi da rabi. MTU shi ne girman ƙunshi ɗaya, a bisa al'ada bait 1500. A kowane ƙunshi kusan bait 40 na tafiya a rubutun adireshi. Arba'in cikin 1500 da arba'in cikin 1400, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma ragewar asara ce ba riba ba. Inda yake amfani shi ne idan wasu shafuka na buɗewa wasu na maƙalewa rabi, ko imel mai ɗauke da fayil ya ƙi fita, musamman ga mai VPN, domin VPN na naɗe kowane ƙunshi a cikin nasa. Gwajin shi ne ping 8.8.8.8 -f -l 1472. In ya wuce, 1472 da 28 sun ba da 1500, kada ka taɓa komai. In ya ce "Packet needs to be fragmented", ka riƙa rage lambar har ta wuce, ka ƙara 28, shi ne naka.

Tun da an ambaci VPN: akwai waɗanda suka sa shi lokacin da aka rufe Twitter a 2021 kuma har yau bai sauka daga na'urarsu ba. An buɗe tun Janairun 2022. Duk abin da suka buɗe sai ya je Turai ko Amurka ya dawo, ko da shafin bankin da ke Legas ne.

Anti Rabi: Ka tuna mini da farkon azumin 2024. Ranar 14 ga Maris da kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a wajen gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da ACE da SAT-3. A zauren nan mutane suka kwana suna canja DNS suna sake saitin waya, wani har ya goge Windows ɗinsa.

Sadiq Gyara: Anti ranar ciniki muka yi ba kaɗan ba, ba zan ɓoye ba.

Shugaban Zaure: Sadiq, Allah ya shirye ka.

Baban Walida: Injiniya tambaya ta ƙarshe. Kwamfutoci biyu na ƙuryar shago Wi-Fi ɗinsu na yawan faɗuwa. In mayar da su 5G ɗin da nake gani a jikin rawutar?

Injiniya Bala: Wancan 5 GHz ne na Wi-Fi, ba 5G na kamfanin waya ba. Ya fi 2.4 sarari da gudu, amma bango na cinye shi da wuri, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su ganinsa ma. In dole 2.4 ne, a jerin shaguna inda kowa ke da rawutarsa, ka zaɓi tasha 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna, faɗin kuma 20 MHz. Amma Alhaji kwamfutar tebur da ba ta motsi me ya haɗa ta da Wi-Fi? Ja musu kebul. Cat5e na ɗaukar gigabit har mita 100.

Ka dai duba kan kebul ɗin kafin ka biya. Ɗaga shi a haske, robar fara ce ana gani ta ciki: siraran wayoyi takwas ya kamata ka ƙirga, kowacce ta kai ƙarshe ta taɓa ƙarfenta. Akwai mai arha da ke zuwa da huɗu kawai, akwai kuma wanda aka matse ɗaya ba ta shiga ba. Yana iya yin aiki, amma a megabit 100 zai tsaya maimakon 1000. A layinka na 18 ba za ka ji ba, sai ranar da kake kwashe fayil tsakanin kwamfutocin.

Ɗan Maraɗi: Injiniya, wani ya ce in sayi eriya in ɗaura bisa dogon ƙarfe, in jawo wayarta mita ashirin har ɗaki. Ya yi?

Injiniya Bala: Eriyar ta yi, mita ashirin ɗin ne bai yi ba. Siririyar wayar eriya na zubar da sigina a kowace mita, kuma asarar ta fi yawa a 1800 da 2600. Abin da eriyar ta samo a sama sai ya ƙare a hanya kafin ya iso. Ka bar wayar eriya gajera, ka kai rawutar kusa da ita cikin akwati mai inuwa da iska, sannan ka sauko da kebul na intanet, shi ba ruwansa da mita ashirin. Ka fara duba ko rawutarka na da ramukan eriya ma, yawanci biyu ne a baya ƙarƙashin ɗan murfi, kuma duka biyun ake so a haɗa.

Ɗan Maraɗi: Tawa MiFi ta, ba ta da rami ko guda.

Sadiq Gyara: Ina da rawuta ta hannu mai ramuka biyu, buɗaɗɗiya, tana ɗaukar kowane layi. In akwai direban da ka sani mai zuwa Kano ta Jibiya, ka yi mini magana.

Shugaban Zaure: Ciniki a koma bayan fage.